Dalilin da Ya Sa Na Riƙe Miki Kyanwarki

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Wannan takarda daga Innarki take a nan Kwatarkwashi, zuwa ga autata Kulu a sabon mazauninku na gindin dutse, can bayan Tsafe. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina gaida maigidanki, ina gaida jikana, ɗan angon nawa mai kukan tsiya. Allah ya sa kun sauka a sa'a, ya tsare ku daga sharrin mai jan ciki da mai tafiya da ƙafa, ya sa ƙasar nan ta karɓe ku. Malam Audu maƙwabcinmu ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana, don haka in kin ji ta karkace ba laifinsa ba ne.

Saƙonki ya iso ta bakin Nomau mai jakai, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba: wai in aiko miki da kyanwarki Lalle, ɓeraye sun fara leƙa sabon rumbu. Da farko na ce masa ba ta gida. Da ya sake dawowa na ce ba ni da kwandon da zan sa ta. Jiya kuwa ya yi sallama ya ce, "Inna, ga kwando na zo da nawa, yau kuma mene ne?" Lalle tana kwance a kan turmi tana kallonmu mu duka biyu. Kunya ta rufe ni.

To Auta, ba rowa nake yi miki ba. Kyanwarki ce, ke kika raine ta tun idonta bai buɗe ba. Abin da ya sa nake ta ja da baya, ni kaina ban gama gane shi ba. Shi ya sa na ce a rubuta, ko Allah ya sa ke ki gane abin da ya gagari uwarki shekara da shekaru.

Ba ki san yadda gidan nan yake kafin a haife ki ba. Bayan zuwan Nasara da kaɗan ne ɓeraye suka sa mu gaba. Ki buɗe rumbu ki tarar da ƙaiƙayi da kashinsu inda kika bar gero. Har faifai suna ci, har bakin tabarma. Ubanki, Allah ya jiƙansa, ya ɗana tarko, ya liƙe ramuka da laka, duk a banza. Sai wata Bafillata mai kawo mana nono ta kawo mini 'yar kyanwa a cikin ƙwarya, baƙin layi ya zagaye idonta, na sa mata suna Tozali. Ita ce asalin Lalle ta wajen uwa, kakar kakarta ko fiye, na daina ƙirgawa.

Kuskurena na farko shi ne jin maganar mata. Kowa ta shigo sai ta ce, "Kada ki ƙosar da ita, in ta ƙoshi ba ta kamu." Ni kuwa na bi. Na riƙa hana ta ko da suɗin ƙwarya. Ta ci ɓeraye kam, ba ƙarya, cikin damina ɗaya ta share gidan nan tas. Amma da ɓerayen suka ƙare yunwa ba ta ƙare ba, sai ta haura katanga ta nufi dutse. Don haka zan ce miki ki ciyar da Lalle ta ƙoshi, kada ki bar ta da yunwa. Sai dai kada ki ɗauka na ba ki magani, don daga baya na gwada hakan ma. Na ba Tozali fura, na ba ta nono, har tuwo da miya, ta yi ƙiba ta yi sheƙi, ta kuma ci gaba da fita. Bambancin kawai, da tana kamowa ta ci, yanzu tana kamowa ta ajiye mini a bakin ƙofa ta tafi. To wanne ya fi? Ni dai ban sani ba. Ki ciyar da ita dai, ko don alhaki.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, kuma shi da dariya na yi shi. Wata rana da hantsi ta shigo da makwarwa a baki, da sauran ranta, tana fuffuka. Na yi maza na ƙwace, na ƙwala wa ubanki kira ya yanka kafin ta zama mushe. Ranar muka sha romo. Na ba Tozali kai da kayan ciki, ina shafa ta ina yi mata kirari, "Maharbiyar gida, ta fi mai kwari da baka!" Ubanki ya ce, "Ke dai ki yi ta zuga ta." Na ce, "Kai da kake namiji yaushe rabon da ka kawo mana ko ɗan kurciya?" Ya yi dariya ya fita. Daga ranar ta gane abin da nake so. Kurciya, hazbiya, 'ya'yan zabin daji, kazar dutse, duk sun shigo gidan nan a bakinta. Wanda ya zo da rai mu yanka, wanda ya mutu mu jefar. Ƙadangaru kuwa ba na ko kallonsu, sai in share su da tsintsiya.

Auta, in Lalle ta kawo miki tsuntsu, kada ki yi mata guɗa. Kada ki karɓa, kada ki saka mata da komai, ki ɗaure fuska ki kau da kai. Ko zai hana ta, Allah masani. Amma dai ba za ki zama kin sa hannu ba kamar yadda na sa.

Yanzu ga babban. Malam, rubuta wannan a hankali. Tozali ta fara haihuwa, kuma kyanwa in ta fara ba ta san a tsaya ba. 'Ya'yan farko na raba wa maƙwabta, suna godiya. Na biyu na raba, suna karɓa don kunya. Daga nan duk gidan da na nufa da ƙwarya a rufe sai in ji an ce, "In kyanwa ce, mun gode, muna da ita." Gida ya cika, suna shiga tukunya, suna kwana a kan tufafi. Ubanki ya ce, "Ki san yadda za ki yi da su." Wani ya ba shi shawara a zuba su a buhu a kai rafi. Na ce a'uzubillahi, ba da ni ba. Tun muna yara ake gaya mana alhakin kyanwa ba ya barin mutum, har lahira yana bin sa. Na je na tambayi liman, mahaifin Malam Audun nan, ya ce kada a kashe, kada a ɗaure su da yunwa, a bar su su ci daga arzikin Allah.

To ina arzikin Allah ya fi yawa in ba a dutse ba? Haka na yi tunani. Ran da zan je itace na sa su a ƙwarya, na rufe da faifai, na hau da su har wani kogo mai inuwa kusa da inda ruwa ke kwanciya. Na zuba musu nono a sakaina, na yi musu addu'a, na sauko zuciyata fes. Wallahi Auta, ina jin na yi aikin lada. Hajo, ƙawata ta gidan maƙera, ta gan ni ina saukowa da ƙwarya ba komai, ta tambaya na gaya mata. Ta ce, "Kai, amma kin yi dabara, kin huta ba ki ɗau zunubi ba." Ita ma ta kai nata. Kafin ki ce me, ya zama al'adar matan unguwa. In kyanwa ta haihu sai a ce a bari su yi wayo a kai wa dutse. Har ana nuna ni ana cewa ni na fara, mai tausayi. Ina jin daɗi kuwa, ba zan ɓoye ba.

Ki sani dutsen nan da ba haka yake ba. Mikiya tana can ƙoli kamar yadda kika san ta, amma ƙasa-ƙasa, tsakanin duwatsu da ciyawa, kajin dutse ne fal. 'Yan ƙanana ne, ba su kai kazar gida ba, suna tafe da wutsiya a ɗage. A ƙasa suke ƙwai, a gindin dutse, ba sa hawa bishiya su yi sheƙa. Da gari ya fara haske sai ɗaya ta ɗauki fito, sauran su amsa, dutse duka ya ɗauka. Ina amarya a gidan nan da su nake sanin gari ya waye. Surukata takan ce, "Kajin dutse sun tashi, ke kina kwance?"

Ban san ranar da suka daina ba. Abin da ke ci mini rai ke nan. Ba wanda ya ce yau ne na ƙarshe. Wata safiya ce kawai na fito da buta, na ji kunnena yana neman wani abu bai samu ba. Na tsaya ina tunanin me na manta. Sai da na kai bakin rijiya na gane. Na duba katanga kuma, inda jan gwada ke hawa yana gyaɗa kai da hantsi, babu ko ɗaya. A shekarun nan gara ta ci mana dangar gida, tsutsa ta sauka a wake, kunama ta yi yawa har ba a barin yaro ya ɗaga dutse.

Na kai maganar gaban ubanki. Ya ce, "Ke kin cika ɗora wa kanki. Kyanwa nawa ce za ta cinye dutse? Ba ki ga an sare kurmin gindin dutse an shuka gyaɗa ba? Ba ki ga ruwa ya yi ƙaranci ba? Ga yara da gwafa, ga masu tarko." Na ji maganarsa da gaskiya a ciki. Sai na gamu da Tunau maharbi yana saukowa, na tambaye shi. Ya ce, "Uwar gida, ni abin da idona ya gani zan faɗa. Duk gurbin da na sani na je na tarar da gashi da ɓawon ƙwai, da sawun kyanwa a rairayi. Kuma ba kyanwar daji ba ce, wannan na san ta, ɗaiɗai take. Waɗannan masu dabbare-dabbare ne irin na gida." Shi ma na ji gaskiya a maganarsa. Na koma wurin liman, ya ce kowace halitta da ajalinta, kuma ban yi niyyar sharri ba. To shi ma ai bai yi ƙarya ba. Mutum uku, magana uku, kowa na saurara sai in ga shi ne mai gaskiya. Yanzu ma da aikin hanyar jirgi ya doso Gusau, an samu masu cewa ƙarar ƙarfe ce ta kori tsuntsaye, alhali tun kafin a san da jirgi dutsenmu ya yi shiru.

Shawarata a nan ɗaya ce, kuma ita kaɗai ce nake faɗa ba tare da zuciyata ta yi rawa ba: kada ki kai ɗan kyanwa dutse. Ko mutum dubu sun ce miki tausayi ne, kada ki kai.

Sai na shiga gyara, a nan kuma na ƙara ɓatawa. Na je gidan su Hajo aka ƙera mini 'yar ƙararrawa na ɗaura wa Tozali a wuya, wai tsuntsaye su ji ta su tashi. Kwanakin farko ɓeraye ne suka amfana, suna jin ta tun daga zaure. Daga baya shegiyar ta koyi tafiya ba ta kaɗa ta. Ina zaune zan ga ta wuce ta gabana da ƙararrawa a wuya shiru kamar an toshe ta da auduga, da kurciya a baki. Ubanki ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa haushi ya kama ni, na ce to gidan nan ya gama da kyanwa. Na sa ta a buhu na ba wasu mata masu zuwa kasuwar Bunguɗu, na ce su ba duk mai so. Tana kuka a cikin buhun, na juya baya na shige ɗaki. Sauran na kore su, na hana kowa ba su ko ruwa.

Lokacin kina goye, ba ki fara rarrafe ba. Kaka ta yi, aka cika rumbu, ɓeraye suka dawo kamar an yi musu shela. Na dutsen ba su sauko sun taimake mu ba, sun zama 'yan daji, ba ruwansu da gida. Ɓeraye suka huda tulun da muke ajiye iri, suka cinye irin gero da na dawa. Da damina ta kawo kai sai da ubanki ya je garin Wanke wurin wansa roƙon iri, mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba. 

Wannan duk mai sauƙi ne. Wata rana na shayar da ke na kwantar a ɗaki, na fito ina daka. Sai na ji kin tsala wata irin ƙara da ban taɓa ji ba. Na yar da taɓarya na shiga, na ga ɓera yana sauka daga kan gado, ƙafarki jina-jina. Cire takalminki ki dubi ɗan yatsanki na hagu, wanda ba shi da farce. Kin sha tambayata na ce miki haka aka haife ki. Ba haka aka haife ki ba. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ki, muka yi ta jiƙe-jiƙe, har na fid da rai. Ranar da kika buɗe ido kika kama nono, ban jira kowa ba, na yafa zane na tafi gidan Hajo na ce, "Ba ni 'yar kyanwa." Ta dube ni ta ce, "Ke da kika rantse?" Na ce, "Ba ni dai." Ta ba ni jikar Tozali.

Kin ga inda na tsaya ke nan. Na kawo kyanwa, dutse ya mutu. Na kori kyanwa, na kusa rasa ki. In an ce in koma baya in gyara, wallahi ban san daga inda zan kama ba. Don haka kada ki yi fushi irin nawa ki yanke hukunci rana ɗaya. Kuma kada ki bar angona shi kaɗai a ɗaki da ƙamshin nono a jikinsa, da kyanwa ko ba kyanwa.

Da na so in bar duk wannan a cikina, don na saba da shirun har na manta. Zuwa yi miki daɓe ne ya tayar mini da shi. Kin tuna mun zo ni da Hajo da sauran mata, muka yini muna bugun ƙasa muna waƙa, muka kwana a wurinku. Da gari ya fara haske na zaga bayan ɗaki da buta zan yi alwala, sai na ji ɗaya ta ɗauki fito daga dutsenku, sauran suka amsa. Na tsaya cak, ruwa yana zuba a ƙafata ban sani ba. Hajo ta fito ta ce, "Ke lafiya?" Na ce, "Saurara." Ta kasa kunne, ta dafe ƙirji ta ce, "Kajin dutse! Ashe suna nan duniya?" Ita ma ai ta san ƙwarya nawa ta hau dutse da ita.

Sai ga ki kin fito da yaro a kafaɗa kina mutsuttsuke ido, kika ce, "Inna, wane irin tsuntsu ne wannan mai surutu da sassafe?" Auta, a gindin dutse na haife ki, a gindin dutse kika girma har kika yi aure, ba ki san kukan kazar dutse ba. Na ce miki sunanta kawai na shige. Kin ɗauka hayaƙi ne ya shiga mini ido, ba hayaƙi ba ne, kuka na yi. Na ga ƙadangaru a kan sabuwar katangarku suna shan hantsi, na ga makwarwa ta ratsa gonarku da 'ya'yanta a baya ba ta ko sauri. Ba kyanwa ko ɗaya a wannan wuri tukuna. Ta farko ita ce wadda kike cewa in aiko.

Shi ya sa na yi ta yi wa Nomau ƙarya. In na dubi kwandon sai in ji fiton nan a kunnena, in ce ba za ta je ba. In na juya sai in ga yatsun angona, ƙanana kamar ƙwayar wake, in ce dole ta je. Malam Audu ya ajiye alƙalami yanzu ya ce, "Inna, to me zan rubuta, za ta je ko ba za ta je ba?" Na ce ya ba ni lokaci in sha ruwa.

To na sha. Rubuta, Malam. Ga Lalle nan a kwandon Nomau. Ba don na gane ba ne, don dai na taɓa jin ƙarar nan da kika yi, ba zan so ki ji irinta ba. Ki rufe ta a ɗaki da sassafe da kuma yamma liƙis, lokacin da tsuntsaye ke sauka kiwo, ki sake ta cikin rumbu da zaure. Ba za ta so ba, za ta yi miki kuka, ki toshe kunne. Ko zai yi amfani ban sani ba, ban taɓa gwadawa ba, sai yanzu da na tsufa dabarar ta zo mini.

Abu ɗaya kuma, ki shafa cikinta in ta iso. Ciki gare ta, na lura tun kwanan baya, shi ne ma abin da ya fi tsayar da ni. In ta haihu, ki bari su yi wayo, sannan ki zuba su duka a kwandon nan ki ba Nomau ya dawo mini da su. Kada ki ba maƙwabta, kada ki rage ko ɗaya don kyau. Duk haihuwar da ta yi, ki aiko. Ni zan riƙe su, in sun fi ƙarfina su hau namu dutsen, ba abin da ya rage a kansa da za su ƙarar.

Allah ya tsare ki, ya tsare maigidanki da zuriyarku, ya cika rumbunku ya hana ɓarna shiga. Allah ya raya mini angona da yatsunsa goma cif a ƙafa. Hajo tana gaishe ki, Malam Audu ma ya ce a sa gaisuwarsa. Kullum gari ya waye ki fito da yaron nan waje ya saurari kazar dutse, ko bai san me yake ji ba, ki gaya masa sunanta. In Allah ya kai mu rani zan zo in kwana biyu in ji da kunnena. In kuwa kafin nan kika wayi gari kika ji dutsenku ya yi shiru, ki aiko mini da kowane labari, amma ban da wannan.

Na bar ki a hannun Allah. Innarki ce.